Tsibiran Tafkin Volta: Kawunan Tuddan Da Ruwan Akosombo Ya Bari

Ranar Asabar, 11 ga Oktoban 2025, wani kwale-kwale ya kife a tafkin Volta kusa da Kete Krachi. Mutum 15 suka rasa rayukansu, 11 daga cikinsu yara ne. Allah ya ba iyayensu haƙuri. Ba a daɗe ba Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Ghana ta fito ta faɗi abin da kowa ya san za ta faɗa, wato lodi ne ya yi wa jirgin yawa. Aka yi alkawarin bincike, manya suka je jaje, gidajen rediyo suka yi kwana biyu suna magana, daga nan kuma aka koma wata harkar.

Hukumar ba ƙarya ta yi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa a Makango ko Yeji ranar kasuwa ya ga yadda ake cika jirgi da mutane da buhunan gawayi da doya da awaki, har ruwa ya kusa taɓa bakinsa. Sai dai akwai tambayar da ta riga wannan, kuma ita ce ba a cika yi ba: me ya sa dole mutanen nan su hau ruwa kafin su kai ga makaranta, da asibiti, da kasuwa, da wurin jana'iza? Amsar tana cikin yanayin ƙasar da suke zaune a kai. Mafi yawan tsibiran tafkin Volta ba a san su a matsayin tsibirai ba kafin 1964. Kawunan tuddai ne da ruwa ya kewaye bayan gwamnati ta tare kogi, kuma har gobe girmansu da ƙanƙantarsu yana hannun ruwan saman da ke sauka a Bawku da Yendi da abin da ya wuce su, da kuma ƙofofin madatsar Akosombo.

Bari mu ɗan koma baya. Ƙasar da kakanninmu fatake suke kira Gwanja ƙasar tudu ce da jeji, koguna suna ratsa ta. Ayarin goro yakan taso daga ƙasar Asante, ya bi ta Mampong da Atebubu, ya zo Yeji a yi fito, sannan ya hau zuwa Salaga, inda ake haɗuwa da ayarin Kano da Katsina da Borno. Daga Salaga wata hanyar takan bi ta Yendi ta nufi gabas da arewa. Ko bayan zuwan Turawa da motoci, babbar hanyar Kumasi zuwa Tamale ta nan take bi, ana ɗora mota a jirgin fito a Yeji a tsallaka kogin da mutum ke iya hango ɗaya gaɓar tasa sarai.

A 1961 gwamnatin Kwame Nkrumah ta fara gina madatsar Akosombo. A watan Mayun 1964 aka toshe kogin ruwa ya fara taruwa, ranar 22 ga Janairun 1966 kuma aka yi bikin buɗewa, wata ɗaya kacal kafin sojoji su kifar da shi. Ruwan da ya taru ya mamaye kusan murabba'in kilomita 8,500, fiye da kashi uku cikin ɗari na ƙasar Ghana baki ɗaya. An tashi kimanin mutum 80,000 daga garuruwa da ƙauyuka sama da 700, aka gina musu sababbin matsugunai 52. Tsohuwar Yeji ta tafi. Mafi yawan tsohon garin Kete Krachi ma ya tafi, garin da zangonsa ya cika da Hausawan da suka baro Salaga bayan yaƙin basasar 1892, cikinsu har da babban malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya yi limanci da karantarwa da rubuce-rubuce a can har rasuwarsa a 1934. Fiton Yeji da Makango ya koma tafiyar kilomitoci a kan buɗaɗɗen ruwa. Babbar hanyar arewa kuma ta karkata ta Techiman da Kintampo da Buipe da Yapei, aka bar Salaga a lungu. Mutanen Salaga sun san wannan asara ba sai an ba su labari ba.

Abin da ruwa bai kai gare shi ba su ne wurare masu tsayi. Tudun da jiya ake hawa a saro itace ko a yi farauta, yau ya zama tsibiri. Da kifi ya yi yawa a sabon tafkin, sai masunta suka kwararo daga kudu, musamman Ewe na yankin Tongu waɗanda madatsar ta kashe musu sana'ar kamun kifi da kawa a ƙasan kogi, da mutanen Ada, da Fante. Shi ya sa sunayen ƙauyukan tsibiran da yawa suke ƙarewa da "kope", wato ƙauye a harshen Ewe. Daga baya manoma daga arewa, da Fulani makiyaya, da 'yan kasuwar zango suka bi sahu. Ba wanda ya tsara zamansu. Shirin sake tsugunar da mutane na 1960 da 'yan kai ya yi lissafin waɗanda za a tasa ne, bai yi lissafin waɗanda za su zo su zauna a tsakiyar ruwa ba.

Don mai karatu ya fahimci irin ƙasar da muke magana a kai, zai yi kyau a gwada ta da tsibiri na asali mai tsaunuka. Mu ɗauki Anjuwan, wanda masu shi ke kira Nzuwani, ɗaya daga tsibiran ƙasar Komoros a tekun Indiya, tsakanin Mozambik da Madagaska, wanda kusan dukkan mutanensa Musulmi ne. Faɗinsa murabba'in kilomita 424 ne kawai, amma dutsen Ntringui da ke tsakiyarsa ya kai mita 1,595. Aman wuta ne ya ɗago shi daga ƙarƙashin teku. Irin wannan tsibiri shi yake haɗa ruwansa da kansa: iska mai danshi ta taso daga teku ta ci karo da tsauni, ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwa. Dajin da ke saman tsaunin ya riƙe ruwan kamar soso, yana sakinsa sannu a hankali ta ƙoramu zuwa bakin teku. Mutum zai tashi daga gaɓa inda ake kwakwa da kamun kifi, cikin 'yan sa'o'i ya kai wurin kanumfari da ayaba, ya ƙara gaba ya shiga hazo da sanyi. Gaɓar kuma tana nan inda take. Teku yakan cika ya janye sau biyu a rana, amma gidan da kaka ya gina a bakin ruwa jika zai same shi a bakin ruwa.

Tsibiran Volta ba su da ko ɗaya cikin waɗannan biyun. A can kudu kusa da Akosombo, inda jerin duwatsun Akwapim da Togo suka matse tafkin, akwai tsibirai masu gangare da duwatsu irin su Dodi, wanda ake kai 'yan yawon buɗe ido. Amma da zarar an hauro arewa wajen Kete Krachi da Yeji da Makango, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, tuddanta gajeru ne, ba tsaunin da zai tare hadari. Damina ɗaya ce kamar ta Salaga, daga nan sai rani da hunturu. Ƙaramin tsibiri ba shi da ƙorama ko maɓuɓɓuga, don haka ruwan sha da na wanka da na wanki duk tafkin ne.

Babbar matsalar ita ce gaɓar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Hukumar VRA mai kula da madatsar tana auna tsayin ruwa da ƙafa. Mafi ƙanƙantar matakin da aka tsara injina su yi aiki da shi ƙafa 240 ne, mafi girma kuma ƙafa 278. Tsakaninsu ƙafa 38 ke nan, kusan mita goma sha ɗaya da rabi, tsayin bene mai hawa uku. A wurin da ke da gangare sosai wannan ba wani abu ba ne, ruwa zai hau dutse ya sauka. Amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda sai ka yi tafiyar mita ɗari kafin ƙasa ta ɗaga da mita ɗaya, wannan hawa da saukar yana nufin bakin ruwa zai iya matsawa fiye da kilomita guda. Tsibiri ɗaya yakan rabu biyu idan ruwa ya cika. Wani kuma yakan haɗe da tudu a shekarar fari har babur ya shiga, shekara biyu bayan haka ya sake yankewa. A 2007 ruwan ya sauka ƙasa da ƙafa 240, aka shiga rabon wutar lantarki a duk ƙasa. A ƙarshen 2010 ya haura ƙafa 277 har sai da aka buɗe ƙofofi. Shekara uku kacal tsakani.

To ina mutum zai kafa gidansa? Idan ya gina can saman tudu, a shekarun ƙarancin ruwa matarsa za ta yi doguwar tafiya da tulu, kwale-kwalensa da komarsa suna nesa da idonsa. Idan ya biyo ruwa ya sauko, wata shekara zai wayi gari ruwa a ɗaki. Ga kuma kwaɗayin ƙasar da ruwa ya janye ya bari, mai danshi da taki, wadda ake shuka masara da kuɓewa da tumatir da barkono a kanta da rani. Wannan ne ya sa gidajen tsibirai da yawa na laka da ciyawa ne, ba don masu su ba su san bulo da kwano ba. Wannan ne kuma hujjar da majalisun gundumomi ke fakewa da ita idan aka tambaye su makaranta ko ɗakin shan magani: wai mutanen ba mazauna dindindin ba ne. Mutum ya shekara hamsin a wuri, ya haifi 'ya'ya da jikoki, ana karɓar harajin kifinsa a kasuwa, ana kai masa akwatin zaɓe a jirgi, amma har yanzu baƙo ne.

Wa ke cika tafkin? A nan ne mutanen Bawku da Yendi suka shigo cikin maganar, ko sun sani ko ba su sani ba. Farin Volta yana tasowa daga Burkina Faso, inda ake kiransa Nakambe, ya shigo Ghana ta yammacin Bawku, ya gangara ta Pwalugu da Daboya zuwa Yapei. Baƙin Volta yana biyowa ta yamma, ta madatsar Bui da aka buɗe a 2013, zuwa Buipe. Kogin Oti yana tasowa daga duwatsun Atakora a Benin, ya ratsa arewacin Togo, ya bi ta Saboba a gabashin Yendi, kuma yana kawo kaso mai tsoka na ruwan tafkin duk da cewa ƙasar da yake tattara ruwa daga cikinta ba ta kai ta sauran biyun ba. Sai kogin Daka, wanda Yendi ke shan ruwansa, wanda kan ƙafe da rani har gari ya shiga wahalar ruwa, amma da damina ya cika ya gangara ta gabashin Salaga ya faɗa tafkin. Ruwan da ya sauka a kan rufin wani gida a Bawku a watan Agusta, shi ne zai hau gonar wani a tsibiri a watan Oktoba. Tafkin yakan kai ƙarshen ƙafewarsa wajen Yuni da Yuli, ya kai ƙarshen cikarsa wajen Oktoba da Nuwamba.

Mutanen Bawku ma suna ɗanɗana zaman tsibiri na ɗan lokaci. Madatsar Bagre, wadda Burkina Faso ta gina a kan Nakambe a farkon shekarun 1990, ba ta da nisa da kan iyaka. Kusan kowace shekara, a Agusta ko Satumba, idan ta cika kamfanin lantarki na SONABEL yakan sanar da Ghana cewa zai saki ruwa, hukumar agajin gaggawa ta NADMO kuma ta bi gari gari tana cewa a tashi daga bakin kogi. Gonakin masara da shinkafa a Bawku ta Yamma da Binduri da Talensi da yankin Walewale su nutse, ƙauyuka su yanke. Akwai wani yanki a ƙasar Mamprusi, wajen Yagaba da Kubori, da aka daɗe ana yi masa laƙabi da kalmar Turanci mai nufin ƙetaren teku, saboda da damina ba a kai gare shi sai da jirgi. Bambancin kawai shi ne na Bawku makonni ne ruwa ya janye, na Volta kuwa shekara sittin ke nan.

Idan ba a manta ba, a 2023 ruwan sama ya yi yawa har tafkin ya sake haura ƙafa 277. Ranar 15 ga Satumba VRA ta fara sakin ruwa, aka ci gaba har ƙarshen Oktoba. Garin Mepe da maƙwabtansa a ƙasan madatsar suka nutse, dubun dubatar mutane suka rasa matsuguni, kyamarori suka yi ta ɗauka, kuma sun cancanci a ji tausayinsu. Amma ruwan ya hau mutanen da ke bayan madatsar su ma, daga Buipe har zuwa ƙauyukan gaɓa da tsibirai. Kowace rana da aka jinkirta sakin ruwa don a tausaya wa na ƙasa ko a tara na lantarki, na sama ne ke biya. Zuwa Mepe daga Akra tafiyar sa'o'i kaɗan ce a mota, shi ya sa aka gan su. Zuwa tsibiri kuwa sai ɗan jarida ya sayi man jirgi.

Sai maganar kututturai. Lokacin da ruwa ya taso ba a sare dajin ba, haka ya nutse a tsaye. Itatuwa masu tauri ba sa ruɓewa a ƙarƙashin ruwa, suna nan har yau kamar masu. Idan tafki ya cika sosai jirgi yakan wuce ta samansu lafiya. Idan ya ƙafe sosai ana ganinsu a kauce. Haɗarin yana tsakiya, lokacin da kan kututture yake ɗan taƙi ɗaya ƙarƙashin ruwa, ido ba ya ganinsa, jirgin katako mai inji kuma yana tafe da nauyi. Tun da tsayin ruwa yana sauyawa wata bayan wata, hanyar da ta yi kyau a Disamba tana iya zama tarko a Afrilu. A 2006 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Kanada don ya riƙa saro katakon daga ƙarƙashin ruwa, amma kamfani katako mai tsada yake nema, ba share wa talaka hanya ba. Masunta kuma sun nuna adawa, domin a gindin kututturan nan kifi ke ɓuya yana hayayyafa, nan suke kafa tarkonsu. Su ma suna da gaskiya. Abin da ake buƙata ba share tafki duka ba ne, a share hanyoyin fito ƙalilan ne a kafa musu alamu masu iyo, a riƙa gyara su yadda ake gyara titi.

Haɗa wannan da iskar farkon damina, wadda kan taso farat ɗaya da yamma a Maris da Afrilu da Mayu, ta tayar da igiyar ruwa a buɗaɗɗen wuri inda babu tsaunin da zai kare. Ba mamaki manyan haɗurra biyu da har yau ake tunawa duk a Afrilu suka faru. A 2002 kimanin mutum 50 suka mutu kusa da tsibirin Amevloikope, da yawansu 'yan makaranta. Na 2006 kuwa ya fi ciwo, domin waɗanda ke cikin jirgin ba da son ransu suka hau ba. Jami'an kula da namun daji ne suka tashi mazauna tsibirin Dudzorme da ke cikin gandun Digya, gandun da aka kafa a 1971, aka loda su da kayansu, jirgin ya kife ranar 8 ga Afrilu. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, waɗanda suka tsira da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam irin su Amnesty suka ce waɗanda suka ɓace sun fi haka nesa ba kusa ba. Wannan saɓanin kansa ya nuna inda gizo ke saƙar: babu rajistar fasinja, babu cikakkiyar ƙidayar mazauna, don haka ko mutuwarsu abin gardama ce.

Haɗarin da ya fi bayyana abin da muke faɗa shi ne na 24 ga Janairun 2023 a gundumar Sene ta Gabas. Yara 'yan makaranta sun taso daga Atigagome za su Wayokope, domin a can makarantar take, kwale-kwalen ya kife, takwas suka mutu. Ba ranar kasuwa ba ce, ba buhunan gawayi. Yara ne da ke yin wannan fito safe da yamma, kwana biyar a mako. Bayan abin ya faru an raba rigunan kariya, kuma hakan ya yi kyau. Amma lissafin a bayyane yake: yaron da ke tsallaka ruwa sau goma a mako, a shekarar karatu ɗaya ya tsallaka sau ɗaruruwa. Aji uku da malami mai ɗakin kwana a ƙauyensu zai shafe dukkan waɗannan tafiye-tafiye. Riga tana rage mutuwa idan jirgi ya kife, makaranta kuwa tana hana a hau jirgin tun farko. A ganina nan ya kamata kuɗi su fara zuwa, kuma wuyar ba a ginin take ba, a malamin da zai yarda ya zauna take. Matuƙar alawus ɗin zama a tsibiri bai kai ya riƙe matashi ba, za a gina aji awaki su kwana a ciki.

Haka lafiya. Tafkin ya nutsar da wuraren da ruwa ke gudu da ƙarfi, inda ƙudan da ke kawo makantar kogi yake hayayyafa, an samu sauƙi ta nan. Amma ruwa mai kwanciya da ciyayi a gefensa gidan dodon koɗi ne mai ɗauke da tsargiya, kuma cikin 'yan shekaru da cikar tafkin cutar ta kama mafi yawan yara a ƙauyukan gaɓa da dama. Wanda ba shi da rijiya ba yadda za a yi ya guji shiga ruwan. Mace mai naƙuda da dare kuwa, sai a nemi mai jirgi, a nemi mai, a yi addu'ar kada iska ta taso. Tun 2019 kamfanin Zipline yake kai jini da magunguna da jirage marasa matuƙi a Ghana, daga baya ya buɗe tasha a Kete Krachi. Abin a yaba ne, sai dai jirgin yana sauke kwali ne, ba ya ɗaukar mara lafiya, kuma sai akwai ma'aikacin jinya a ƙasa kafin kwalin ya yi amfani.

Abin da ya fi ba mutum haushi shi ne wutar lantarki. Akosombo yana iya samar da megawat 1,020. Shekaru da dama babban mai cin moriyarsa shi ne kamfanin narka sanholo na VALCO a Tema. Arewacin Ghana bai shiga layin wutar ƙasa ba sai wajen ƙarshen shekarun 1980, tsibiran da ke zaune a tsakiyar ruwan da ke juya injinan kuwa akasarinsu har yanzu fitila da tocila ne. Jawo waya ta kan ruwa zuwa ƙauye mai gida hamsin yana da tsada, wannan gaskiya ne. An gwada ƙananan tashoshin hasken rana da tallafin Bankin Duniya a wurare biyar: Pediatorkope, Kudorkope, Aglakope, Atigagome da Wayokope, kuma an shiga shirin ƙara wasu da tallafin Bankin Raya Afirka. Ka lura da sunaye biyu na ƙarshe. Su ne ƙauyukan da yaran nan takwas suka mutu a tsakaninsu. Ma'aikatar makamashi ta iso, ta ilimi ba ta iso ba, saboda babu ofishi ɗaya da aka ɗora wa alhakin tsibiran gaba ɗaya. Tafkin ya taɓa yankuna da dama, har da Savannah da Oti da Bono ta Gabas da aka ƙirƙiro a 2019, kowace gunduma kuma tana kallon tsibiranta a matsayin can ƙarshen iyaka.

Akwai ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, mu mutanen zango da kasuwa. Nisan tsibirai daga idon hukuma shi ya sa suka zama maɓoyar masu sa yara aikin su, ana karɓo su daga iyaye matalauta da ɗan kuɗi kaɗan, ana tura su nutso su kwance komar da ta maƙale a kututture. Tun 2002 hukumar IOM ta fara aikin ceto yara a Yeji, a 2005 kuma majalisa ta yi dokar hana fataucin mutane. Abin bai ƙare ba. Busasshen kifin da ake sauke wa a Yeji da Makango, wanda ke tafiya Salaga da Yendi da Tamale har Bawku, ta hannun dillalanmu yake bi. Babban dillali ya san masuntan da yake ba bashin mai da koma, ya san wanda 'ya'yansa ne a jirgi da wanda ba nasa ba. Salaga gari ne da har yau ake nuna wa baƙi rijiyoyin da aka yi wa bayi wanka kafin a kai su kasuwa. Bai kamata a ce sai baƙo daga waje ya zo ya tuna mana wannan ba.

Gawayi ma haka. Tsibiri ƙasa ce mai iyaka, itacen da aka sare ba wani daji a bayansa da zai maye gurbi. A nan Anjuwan ya zama gargaɗi. Yawan jama'a da ƙarancin fili sun sa manoma sun yi ta hawa tsauni suna sare daji, kuma daga ƙoramu kusan 45 da a da ba sa ƙafewa, yanzu waɗanda ke gudu duk shekara ba su wuce goma ba. Da ƙasa ta gaza, matasa suka koma hawa ƙananan jiragen da ake kira kwasa-kwasa zuwa tsibirin Mayot, tafiyar kimanin kilomita 70, wanda ya zaɓi zama da Faransa lokacin da Komoros ta sami 'yanci a 1975. Tun da Faransa ta sa biza a 1995, wani rahoton majalisar dattawanta na 2012 ya ƙiyasta cewa tsakanin mutum 7,000 zuwa 10,000 sun mutu a wannan mashigi. Idan tsibirin da tsauni ke haɗa masa ruwan sama ya iya ƙafewa haka, ina ga ɗan tudun da ba shi da komai sai siririyar ƙasa a kan dutse? Idan itatuwan bakin gaɓa suka tafi, igiyar ruwa ce ke cin ƙasar a kowace cika.

Me ya rage? Ba na cikin masu cewa a kwashe kowa a mayar tudu. An gwada a Dudzorme mun ga ƙarshensa, kuma kifin da suke kamawa shi ne miyar miliyoyin mutane. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a fara da ƙidaya da taswira: tsibiri nawa ne ake zaune a kansu, mutum nawa, kuma ina layin ƙafa 278 ya bi a kan kowanne, a kafa turaku a wurin don kowa ya san inda zai gina abin da zai daɗe. Awon ruwan da VRA ke fitarwa kullum a riƙa karanta shi a gidajen rediyon yankin da Gonja da Ewe da Hausa, tare da fassara shi zuwa abin da mai gona zai gane. A kuma ware wani kaso sananne daga kuɗin wutar Akosombo don makarantu da ɗakunan haihuwa da jiragen fito na tsibirai, domin wannan bashi ne, ba sadaka ba. Masu wakiltar Salaga da Kpandai da Yeji da Krachi a majalisa sun isa su haɗa kai a kan wannan, ko jam'iyyunsu sun bambanta.

Mutanen Bawku da Walewale kuma su buɗe ido. A ƙarshen Nuwamban 2019 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da aikin madatsar Pwalugu a kan Farin Volta, a kan kuɗi dala miliyan 993, da alkawarin lantarki da noman rani da tare ambaliyar Bagre. An biya ɗan kwangila kimanin dala miliyan 12, har gwamnatin ta sauka ba a ga madatsa ba, maganar kuma ba ta mutu ba, domin kowace ambaliya sai an sake tayar da ita. Duk ranar da aka gina ta, ruwa zai kwanta a kwarin da ke ƙarƙashin tsaunin Gambaga, ya bi bayan kogi ya nufi ƙasar Talensi da Kusasi, kuma duk wani tudu da ya fi layin ruwan tsayi zai wayi gari tsibiri. Injiniyoyin da suka zana aikin suna da taswirar da ke nuna waɗannan tuddai ɗaya bayan ɗaya, kuma sarakuna da 'yan majalisar gundumomin da abin zai shafa suna da ikon neman a nuna musu ita tun kafin a zuba kankare.